Haƙƙin Ma'aikaci a Ofisoshin Tafiye-tafiye da Amanar Matafiyi

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa mana ƙasa, Ya hore mana hanyoyinta domin neman halal. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda ya yi fatauci da dukiyar wasu tun kafin aike ba a taɓa samun sa da ha'inci ba, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wani dare a ƙarshen watan Sha'aban, bayan an idar da sallar Isha'i a masallacinmu da ke Jega, wani saurayi ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya durƙusa. Na san mahaifinsa. Ya karanci kimiyyar kwamfuta a jami'ar Aliero, ya yi hidimar ƙasa, ya samu aiki a wani ƙaramin ofis da ke yankar wa 'yan kasuwa tikitin jirgin sama, yana kuma nema wa mutane bizar Umra da masauki a Makka da Madina.

Ya ce: "Allah gafarta Malam, wata uku ke nan ban ga albashina ba. Da na yi magana, Alhaji ya ce ai na yi kuskuren harafi a sunan wani fasinja, kamfanin jirgi ya ci tara, kuma daga haƙƙina za a cire. Wannan tikitin ƙarfe biyun dare na yanke shi, bayan na wuni a ofis tun safe. Yanzu kuɗin mutum huɗu masu niyyar Umra suna cikin asusuna, don ta hannuna ake turowa. Ya halatta in cire abin da nake bi daga ciki?"

Na ba shi amsa a wannan daren, zan kuma kawo ta a gaba. Amma tambayar ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin ta nuna mini yadda haƙƙin ma'aikaci da amincin matafiyi suka zama igiya ɗaya a wannan sana'a. Wanda ya danne na farko ya sa na biyu cikin haɗari, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga ayarin fatake zuwa allon kwamfuta

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne a harkar tafiyar kasuwanci. A ƙarni na 19 Jega na cikin manyan kasuwanni da zangunan fatake masu bin hanyar goro zuwa Gwanja. Ayari yana da madugu da ke riƙe da ragama, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malamin da ke rubuta lissafi da wasiƙu. Kowa ya san aikinsa, ya kuma san rabonsa. Madugun da ya wulaƙanta mutanensa a hanya ba zai samu masu binsa a tafiya ta gaba ba.

Har yau babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal da Aliero da Jega da Maiyama, ta nufi Koko da Yawuri da Kwantagora, ba ta rabuwa da manyan motoci masu ɗauke da albasa da shinkafa da dabbobi. Abin da ya sauya shi ne inda ake ƙulla tafiyar. Ɗan kasuwar da zai je Dubai ko Sin sayen kaya, da maniyyacin da zai je Umra, duk tafiyarsu tana farawa ne a gaban kwamfuta. Tun da Saudiyya ta ƙaddamar da manhajar Nusuk a 2022, harkar biza da masauki da izinin ziyara ta ƙara komawa intanet. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2006, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, kuma a Hajjin 2023 da na 2024 kujeru 20,000 aka ware musu daga cikin 95,000 da Najeriya ta samu. Da yawa daga cikin waɗannan kamfanoni hedikwatarsu na Kano ko Abuja ko Kaduna ko Legas, amma wakilansu da dillalansu sun bazu har garuruwanmu. Ranar 15 ga Mayun 2024 daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi, abin da ke nuna cewa jiharmu ta zama ƙofa a wannan harka.

To wa ke zaune a gaban kwamfutar? Sau da yawa maigidan ba shi ne ya iya ta ba. Saurayi ne ko budurwa da suka fito daga makarantu irin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006. A hannunsa fasfon mutane yake, da hotunansu, da lambar sirrin kamfani, wani lokaci har da kuɗinsu. Shi ne jagaba, shi ne malamin ayari na wannan zamani. Kuma aikinsa ba ya bin agogon Jega kaɗai, domin Saudiyya ta riga mu da sa'o'i biyu, Dubai da uku, Sin da bakwai. Farashin tikiti na iya sauyawa cikin daƙiƙu, jirgi na iya fasa tashi da tsakar dare, fasinjan da ya maƙale a Jidda ko Addis Ababa kuwa lambar wannan yaron zai kira, ba ta Alhaji ba.

Halin da masu kamfanoni ke ciki

Adalci ya wajabta a faɗi cewa masu waɗannan ofisoshi su ma suna cikin matsi. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yunin wannan shekara kuma aka sake wa naira mara, darajarta ta faɗi ƙwarai. Sana'ar tafiye-tafiye da naira ake karɓar kuɗinta, da dala ko riyal ake biya. Mutum zai karɓi kuɗin maniyyaci yau, kafin ya biya otal canji ya tashi, ribar da ya lissafa ta koma bashi. Ko alhazan gwamnati ba su tsira ba: a watan Maris na 2024 an nemi waɗanda suka riga suka biya su cika sama da naira miliyan 1.9, a Hajjin 2025 kuwa kujerar maniyyatan Arewa ta haura naira miliyan 8. Kamfanin jirgin Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai dawo ba sai 1 ga Oktoban 2024.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abin tambaya shi ne, idan asara ta zo, a kan wa ake fara sauke ta? A wurare da yawa ana biyan kuɗin haya saboda mai gida zai kulle shago, ana biyan data da man janareta saboda aiki zai tsaya, ana biyan kamfanin jirgi saboda zai toshe asusu. Ma'aikaci ne kawai ake ce wa ya yi haƙuri, saboda shi ne ba shi da abin da zai iya yi. Wannan shi ne ainihin wurin da ake gane tsoron Allah, domin biyan mai ƙarfi ba ya nuna komai game da zuciyar mai biya.

Abin da aka gani a manyan kamfanonin waje

A Turai da Amurka akwai manyan kamfanonin fasaha da aikinsu shi ne shirya wa ma'aikatan wasu kamfanoni tafiyar aiki: tikiti, otal, da lissafin abin da aka kashe, duk cikin manhaja ɗaya. Irin waɗannan kamfanoni suna gasa wajen nuna cewa ma'aikatansu na jin daɗi, suna ƙawata ofis, suna raba abinci, suna tambayar ma'aikata ra'ayinsu lokaci bayan lokaci. Annobar korona ta 2020 ta gwada su, domin tafiye-tafiye sun tsaya cak cikin makonni kaɗan.

A watan Maris na 2020 kamfanin TripActions na Amurka, wanda ya koma amfani da sunan Navan a 2023, ya sallami ma'aikata kusan 300. An sanar da da yawa daga cikinsu a taron bidiyo na Zoom, rukuni-rukuni, kuma yadda aka yi sallamar ya jawo wa kamfanin suka a kafafen watsa labarai. A watan Mayun wannan shekara kamfanin Airbnb, mai haɗa matafiya da masauki, ya sallami kusan mutum 1,900, wato rubu'in ma'aikatansa. Shugabansa Brian Chesky ya rubuta musu doguwar wasiƙa yana bayyana dalili, aka ba na Amurka albashin makonni 14 da ƙarin mako ɗaya a kan kowace shekara da mutum ya yi, aka bar musu kwamfutocin aikinsu, aka kuma taimaka wajen nema musu wani aikin. Musiba ɗaya ce ta faɗa wa kamfanonin biyu, dukansu kuma sun rage ma'aikata. Abin da mutane suka riƙe shi ne yadda aka rabu.

Cibiyar Gallup ta Amurka, mai bibiyar halin ma'aikata a duniya, ta ce a 2024 kashi 21 cikin ɗari ne kacal na ma'aikatan duniya ke aiki da zuciya ɗaya, ƙasa da kashi 23 na shekarar da ta gabata. Ta daɗe kuma tana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na bambancin da ake samu tsakanin wannan rukunin ma'aikata da wancan yana komawa ne ga shugaban da ke kansu kai tsaye. A ofis mai mutum huɗu ko biyar irin namu, wannan shugaban shi ne Alhaji da kansa. Halinsa shi ne halin wurin aikin baki ɗaya.

Abin da Shari'a ta shimfiɗa

Ɗaukar mutum aiki babi ne cikakke a fiƙihu, wato ijara, kuma abin sha'awa ne cewa ɗaya daga cikin hujjojinsa a kan tafiya yake. A tafiyar Hijira, Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɗauki hayar wani ƙwararren masanin hanya daga Bani Dil, wanda malaman tarihi suka kira Abdullahi bin Uraiƙiɗ, alhali a lokacin yana kan addinin mutanensa. Sun danƙa masa raƙumansu biyu, suka yi alƙawarin haɗuwa a kogon Sauru bayan kwana uku, ya bi da su ta hanyar gaɓar teku. Imam Bukhari ya kawo wannan a littafin ijara na Sahihinsa. Tafiya mafi daraja a tarihin Musulunci ta ratsa ta hannun ma'aikacin da aka zaɓa don ƙwarewarsa, aka kuma amince masa.

Daga wannan babi akwai ƙa'idoji biyar da suka shafi ofisoshinmu kai tsaye.

Ta farko, lada ya zama sananne, aiki da lokacinsa su zama sanannu. Ko ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ijara tana inganta ne idan an yanke wa'adi an ambaci lada. A Suratul Ƙasas, aya ta 26 zuwa 28, da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ya ambaci shekara takwas, ya bar cikon goma a matsayin zaɓi, ya kuma bayyana cewa ba ya nufin tsananta masa. Mu kuwa sai a ce wa yaro: "Fara zuwa, za mu ga abin da Allah zai yi." Shekara ta zagayo bai san ko albashi yake ci ko kamasho ko alheri ba. Wannan duhu ne, kuma duhu a cikin ƙulla ma'amala shi ke haifar da husuma. Idan kamasho ne a kan kowane tikiti ko kowace biza, a faɗi nawa ne, da lokacin da yake tabbata, da abin da zai faru idan fasinja ya fasa.

Ta biyu, biya a kan kari. Ibn Majah ya ruwaito umarnin a ba ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito an kira jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ake binsa zalunci. Mafi tsanani shi ne hadisin ƙudusi da ke cikin Bukhari, inda Allah Ya lissafa mutum uku da Shi da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Maigidan da ya tafi Umrar Ramadan da iyalinsa alhali yaran ofis na binsa wata uku, ya duba wannan hadisi da kyau. Umrarsa nafila ce, biyan bashin kuwa wajibi ne. Wanda ya shiga ƙunci na gaskiya yana da uzuri, amma sai ya zaunar da ma'aikatansa ya faɗa musu, ya rubuta abin da suke bi a matsayin bashi, ya sa rana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Ta uku, batun tara da cire kuɗi. Malamai sun bambanta tsakanin ma'aikacin da ya keɓanta ga mutum ɗaya, da mai sana'ar da ke karɓar aikin jama'a kamar tela ko maƙeri. Na farko amintacce ne, ba a ɗora masa asarar da ta auku a hannunsa sai idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci bayyananne. Kuskuren harafi daga mutumin da aka sa aiki tun safe har tsakar dare, ba tare da wani na biyu da zai duba ba, kuskure ne da tsarin ofis ya haifar. Wanda ke cin riba idan ciniki ya yi kyau shi ne ya kamata ya ɗauki irin wannan asara. Ba daidai ba ne riba ta zama ta Alhaji shi kaɗai, asara kuma a raba ta da yaro.

Ta huɗu, kada a ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. A hadisin Abu Zarr da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya kira waɗanda ke ƙarƙashin hannun mutum 'yan'uwansa, ya yi umarni a ciyar da su a tufatar da su daga irin abin da maigida ke ci yake sawa, kada a kallafa musu abin da zai rinjaye su, idan kuwa an kallafa to a taya su. A lokacin Umrar Ramadan da gab da Hajji aiki yakan yi yawa, wannan kowa ya sani. Maganinsa shi ne karɓa-karɓa a kan wayar dare, da ƙarin lada a kan ƙarin lokaci, da hutu idan kaka ta wuce. Abin kunya ne ofishin da ke tura mutane Ɗakin Allah ya zama ma'aikacinsa ba ya samun jam'in Azahar, ko yana buɗa-baki a gaban kwamfuta har watan ya ƙare.

Ta biyar, mutunci. Anas bin Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, ya kuma ba da shaida cewa bai taɓa yi masa tsaki ba, bai taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko ya bari ba. A yau wulaƙanci ya samu sabuwar hanya: a zagi ma'aikaci a zauren WhatsApp na ofis kowa na karantawa, ko a daka masa tsawa a gaban fasinja don a wanke kai. Idan mace ce ma'aikaciyar, nauyin ya ninka: a kiyaye mata keɓewa da namiji, a sallame ta da wuri ta isa gida, a rufe duk wata ƙofa da wani zai yi amfani da buƙatarta ga aiki ya nemi abin da Allah Ya haramta.

Inda dokar ƙasa ta tsaya

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a Jihar Kebbi kuma Gwamna Nasir Idris, wanda tsohon shugaban ƙungiyar malaman makaranta ne na ƙasa, ya amince da naira 75,000 ga ma'aikatan jiha. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, haka ma masu aikin kamasho. Ke nan kusan duk ƙananan ofisoshin da muke magana a kansu sun fita daga inuwarta.

Dokar Ƙwadago ta ƙasa kuwa ta tanadi a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, kada tazarar biyan lada ta wuce wata ɗaya, a ba shi yini ɗaya na hutu a kowane mako, da hutun aƙalla kwana shida na aiki bayan shekara. Ta kuma hana cin tarar ma'aikaci daga ladansa yadda aka ga dama. Mai karatu zai ga yadda waɗannan suka yi kusa da abin da fiƙihu ya riga ya faɗa. Sai dai yaron da ke Maiyama ko Aliero ba zai kai uban gidansa Kotun Ma'aikata ba, musamman idan abokin mahaifinsa ne ko shi ya yi masa hanya. A irin wannan wuri babu mai tsaron haƙƙi sai imanin maigida da idon jama'a.

Idan bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ma'aikacin da bai san ranar albashinsa ba, ga miliyoyin mutane na wucewa ta hannunsa, an ajiye shi a bakin rami. Wani zai fara ƙara wa fasinja kuɗi a ɓoye. Wani zai janye abokan cinikin ofis zuwa wani kamfani. Wani zai sayar da bayanan fasfon mutane. Wanda ya fi su tsoron Allah zai ajiye aikin ya tafi da ƙwarewarsa, a kawo sabo ya fara koyo a kan takardun mutane.

Akwai kuma matsin da ake yi wa ma'aikaci ya kawo ciniki ko ta halin ƙaƙa. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301 a cikin tsananin zafi, suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji, don haka ba su da tanti ko motar da za ta ɗauke su. Masar ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 a kan wannan. Kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi da bizar da ba ta Hajji ba, akwai hannun da ya cike masa takarda. Ofis na gari shi ne wanda ƙaramin ma'aikaci zai iya cewa, "Alhaji, wannan bizar ba ta Hajji ba ce, kada mu yaudari tsohon nan," ba tare da tsoron kora ba. Inda aka rufe bakin ma'aikata, matafiyi ne ke biyan farashin.

Wannan magana ta shafi masu manyan motoci ma. Direban da ya ɗauko albasa daga Aliero zuwa Legas ko Fatakwal, yanzu da waya ake haɗa shi da lodi, da waya ake tura masa kuɗin hanya, da waya kuma ake matsa masa ya isa kafin kaya su lalace. Idan ba a ba shi damar barci ba, ko aka bar yaron mota ba tare da sanannen lada ba, abin da zai biyo baya a kan titi kowa ya san shi.

Nauyin da ke kan ma'aikaci

Yanzu ga amsar da na ba saurayin nan. Na ce masa: "Ɗana, kada ka taɓa ko kwabo. Malamai sun yi saɓani a kan wanda ya samu dukiyar wanda ya zalunce shi, ko zai ɗauki gwargwadon haƙƙinsa. Amma kuɗin da ke hannunka ba na Alhaji ba ne. Na bayin Allah ne da suka tara don ziyarar ƊakinSa, ba su ci maka komai ba." Na tuna masa hadisin Abu Dawud da Tirmizi da ya yi umarni da mayar da amana ga mai ita, ya kuma hana ha'intar ko da wanda ya ha'ince ka.

Siffofi biyu da aka yabi Annabi Musa (AS) da su a matsayin ma'aikaci su ne ƙarfi da amana. Ƙarfi a wannan sana'a shi ne iya aiki: sanin dokokin biza, duba suna da lambar fasfo sau biyu, bibiyar sauye-sauyen da hukumomi ke yi. Amana kuwa ita ce kiyaye sirrin matafiya, da rashin amfani da lokacin ofis da kayansa don cinikin kai, da faɗin gaskiya idan an yi kuskure tun kafin ya girma. Suratul Muɗaffifin ta yi gargaɗi ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar, kuma wannan gargaɗi ya hau kan maigida da yaronsa baki ɗaya. Na kuma shawarce shi ya daina karɓar kuɗin fasinja a asusunsa na kansa, domin wannan tarko ne gare shi da kamfanin.

Bayan kwana biyu na je na samu maigidan tare da wani dattijon unguwa. Na tarar da mutum ne mai son alheri wanda canjin kuɗi ya cinye wa jari, kunya kuma ta hana shi faɗa wa yaransa. Bai taɓa jin cewa ba a ɗora wa keɓantaccen ma'aikaci irin wannan asara ba. Muka zauna aka rubuta takarda: albashi kaza, ranar biya kaza, bashin baya a biya shi kashi uku, tarar tikiti ofis ya ɗauka, wayar dare kuma a riƙa karɓa-karɓa. Takardar ba ta cika shafi ɗaya ba.

Abin da ya rage gare mu

Ga masu ofisoshi: ku rubuta yarjejeniya da kowane ma'aikaci ko da ɗan'uwanku ne, ku raba asusun matafiya da na ofis, ku sa albashi a sahun farko na abin da ake biya. Ku tuna da kyakkyawar al'adar kasuwancin Hausa, inda maigida ke riƙe yaro ya koya masa sana'a, ya yi masa aure, ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, ana kuma lissafa wannan cikin darajar maigidan. Ku tuna da ɗaya daga cikin mutum ukun da dutse ya rufe wa bakin kogo, wanda ya yi tawassuli da cewa ya juya ladan ma'aikacinsa har ya zama garke, ya kuma miƙa masa duka da ya dawo.

Ga iyaye: idan za ku kai ɗanku ko 'yarku aiki, ku tambayi lada da lokacin tashi tun ranar farko. Kunyar rana ɗaya ta fi husumar shekara. Ga ɗalibai masu shirin shiga wannan fage: ku haɗa ilimin kwamfuta da karatun babin ciniki da ijara a wurin malamai. Ga 'yan'uwana limamai da masu wa'azi a Jega da Aliero da Maiyama: muna yawan bitar hukunce-hukuncen Hajji da Umra ga maniyyata, ya kamata mu ware zama ga masu tura su. Ga matafiyi kuma: idan kana zaɓen kamfani, bayan lasisi da farashi, ka lura da yaran ofishin. Idan duk zuwan da ka yi sabuwar fuska kake tararwa, ka yi tunani kafin ka miƙa fasfonka.

Allah Ya sanya albarka a kasuwancinmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu tun muna da rai, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya. Allah ne Mafi sani.